Fuskar Gam a Ƙarƙashin Ƙaro

A ƙauyenmu na bayan birnin Hanoi, ƙaron bishiyar da ake zane da shi shi ke zaɓen masu yi masa bauta. Wanda bai so ba, ko wucewa ya yi ta gefen tukunyar, kafin yamma fuskarsa ta kumbura kamar burodin da ya faɗa ruwa, ya yi ta susa har ya manta sunan ubansa. Thuc kuwa tun tana rarrafe ta tsoma hannu a ciki, ta shafa a kumatu, ko ƙurji ɗaya bai fito mata ba. Uwarta ta dube ta ta ce, "To, ke kam kin samu miji." Haka kuwa aka yi. Mijin gaske ya zo daga baya, wani salihin mai gyaran keke, ya zauna da ita cikin ladabi har ya mutu, amma bai taɓa ruɗin kansa cewa shi ne na farko a zuciyarta ba.

Aikinta goga. Mai zane zai ɗauki allo, ya shafa launi, ya manna ɓawon ƙwai da zinari da azurfa, ya rufe da ƙaro, ya ajiye a ɗaki mai danshi ya bushe, ya sake zanawa, ya sake rufewa, har allon ya koma duhu kamar ƙofar da aka kulle. A lokacin shi kansa bai san me ya haifa ba. Sai a kawo wa Thuc. Ta zauna a 'yar kujerarta a tsakar gida, baho a gefe, ta kwara ruwa, ta sa dutse da sanfefa da gawayi. Inda ta danna, abin da ke ƙasa ya tashi. Inda ta ɗaga hannu, ya ci gaba da barci. A ƙarshe ta bi da dunƙulen gashi, sannan da tafin hannunta tsirara, har allon ya yi ƙyalli kamar kogi bayan ruwan sama. Gogar ta cinye mata zanen yatsu ƙarƙaf. Ranar da aka je sabunta katin shaida, na'ura ta nemi yatsunta ta rasa, har jami'in ya leƙo ya ga ko ƙafafunta na taɓa ƙasa.

Bakinta kuwa ya fi dutsen kaifi. Manyan masu zane da ake buga hotonsu a jarida sukan tsaya a ƙofarta su gyara hula kafin su shiga. Ta taɓa goge wa wani zanen ɓauna, ta karkata kai ta ce, "Ɗan nan, wannan surukarka ce? Gaskiya ka kamo ta."

Mutum ɗaya ce ta fi ta baki, yayarta Gam, manomiyar shinkafa, mai baƙaƙen haƙora irin na matan zamanin da, mai dariyar da ake ji daga tsallaken kogi. Shekarar da aka zo karɓe gonaki don a gina masana'anta, mata suka je suka zauna a kan kunya, suka ƙi tashi. Gam ce a gaba. Aka cusa ta a mota. Da ta dawo, ta dawo da tari, dariyar kuma ta bar ta can. Ba ta daɗe ba ta rasu. Hotonta guda ne a duniya, na katin shaida, ta zazzare ido kamar an kama ta da kazar maƙwabta. Tun daga nan, in za mu ambaci lokacin sai mu ce "shekarar da aka yi ruwa da yawa". Ba wanda ya zo ya hana mu faɗin sunanta na gaskiya. Mu da kanmu muka yi wa bakinmu ɗinki, ɗinki kuwa mai kyau.

A ranar zaman nan akwai wani ɗalibi da ya zo sayen ƙaro, ya tsaya a kan gada yana kallo. Sunansa Khiem. Ya girma ya zama mai zane siriri mai furfura, wanda ya yi suna wajen zana furanni da 'yan mata masu fararen riguna, irin abin da manyan otal-otal ke ratayewa kusa da banɗaki. Thuc ta goge masa furanni har ta ce in ta sake ganin fure za ta dafa ta ci.

Wata safiya ya turo allo a amalanke, faɗinsa ya kai ƙofa biyu.

"Goggo, ki bi wannan a hankali."

"Af, yau kuma 'yan matan sun yi ƙiba ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ajiye ya tafi.

Ta fara daga sama. Sararin samaniya ya fito ja da zinari, irin na yamma gab da girbi. Ta gangaro, shinkafa ta fito, kowace zangarniya da nauyinta. Ta gangaro kuma, sai ga malafuna a jere, an yi su da ɓawon ƙwai, farare tas. Nan hannunta ya rage gudu. Ta ajiye dutse ta ɗauki gawayi mai laushi. Ta kwara ruwa, ta goga, ta kwara. Goshi ya taso daga cikin duhu kamar mai nutso da ke fitowa shan iska. Sai ido. Sai kumatu. Sai baƙaƙen haƙora a buɗe, kai ya ɗan koma baya, ana tsakiyar dariya.

Gam ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da tabon lauje a haɓa. Ruwan na gangarowa a kan fuskar, sai ka rantse motsi take yi.

Maƙwabta sun ce wunin ranar ba su ji Thuc ta zagi ko kaza ba, har aka aiko a duba ko lafiya. Aka same ta zaune, hannu a cinya, tana kallon allo. Tsofaffin ƙauye suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta gane uwarta a jerin, waccan ta gane kanta da sauran ƙuruciya. Wata ta cire takalmi ba tare da ta san ta cire ba.

Mai sayar da zanen Khiem wata ce Madam Diep, mai gidan baje zane a tsakiyar birni. Ita ke kai kaya babbar kasuwar zane ta Hong Kong, inda attajiran duniya ke yawo da kofin giya suna gyaɗa kai gaban abin da ba su gane ba. Kada a ɗauka sakarya ce. Ubanta mai dafa ƙaro ne, a cikin warinsa ta girma, sai dai yanzu turaren Faransa ya rufe. Ta zo gidan Thuc tare da Khiem ta ga allon, ta daɗe a tsaye.

"Yaya Khiem, ba ka taɓa yin kamarsa ba," in ji ta. "Kuma ba zai fita ƙasar nan ba."

"Wa ya hana?" in ji Khiem.

"Ba wanda ya hana. Ba sai an hana ba. Kafin ya hau jirgi sai na kai hotonsa ofishin izini. In sun ga matan nan, kai za a kira ka amsa tambayoyi, ni a rufe mini ƙofa, yaran da ke aiki a wurina su koma gida. Can Hong Kong ɗin ma yanzu kowa taka-tsantsan yake yi, masu kasuwar za su ce mini bango ya cika. Ka bar sama, ka bar shinkafa. Faɗuwar rana a gona, wa zai yi faɗa da ita?"

"Matan fa?" in ji Thuc.

"Iya, duhu ya yi a ƙasa, shi ke nan. Yamma ce ai."

Thuc ta juya ga Khiem tana jira ya buɗe baki. Ya buɗe kuwa, ya ce, "To."

"To? Shekara nawa kana ɗauke da matan nan a ciki kamar mai juna biyu, yau ka haihu, ka ce a mayar? Kai, ko kwaɗo ya fi ka ƙashin baya."

Ya ɗora allon a amalankensa ya tura ya fita, kunnuwansa ja wur.

Da sanyi ya wuce ya dawo da allon. Sama na nan, shinkafa na nan, daga nan zuwa ƙasa duhu ne sumul.

"Goggo, ƙasan nan ki shafa kawai ya yi santsi. Kada ki danna." Ya faɗa yana kallon tukunyar ruwa, kamar ita ce Goggon.

Ya tafi ya bar ta da dutse a hannu. Ta san daidai inda fuskar take, ko ido rufe za ta sa yatsa a kan tabon haɓar. In ta danna kaɗan, Gam za ta fito. Ba kowa a gidan sai ita da kaji. Amma ta taɓa ganin yadda mota ke tafiya da mutum da yadda take dawo da shi, kuma Khiem, duk rashin ƙashin bayansa, yana da mata da 'ya'ya da ciwon ciki. Ta ɗaga dutsen ta ajiye, ta sake ɗagawa. Ita da ta yi wa mutum gorin tsoro, ga hannunta ya tsaya da kansa, ba wanda ya riƙe shi. Ta yi tsaki, ta ɗauki sanfefa mafi laushi, ta fara shafa sama-sama kamar yadda aka ce.

Sai ta ga ruwan da ke gangarowa cikin baho. Ba baƙi ba ne. Launin shayi ne.

Ƙaro iri biyu muke dafawa. Akwai baƙi, wanda ake juyawa da ƙarfe. Abin da ya rufe ya rufu har abada. Akwai kuma mai launin ruwan ƙasa, wanda muke kira fiffiken kyankyaso. In an shafa shi da kauri, sabonsa duhu ne, ba mai bambanta shi da baƙi. Amma shekara na tafiya yana washewa a hankali, kamar ruwan rijiya bayan an daina jan guga, har abin da ke ƙasa ya bayyana. Khiem da fiffiken kyankyaso ya rufe matan.

Thuc ta tsoma yatsa ta shinshina, ta fashe da dariya ita kaɗai har kaji suka watse. Ba ta gama share hawaye ba ta ji tsayuwar mota. Madam Diep ce, da rigar siliki da dogon takalmi, Khiem a bayanta. Bahon na nan a tsakar gida, cike, rana na haska shi. In Diep ta gane, baƙi za ta sa a shafa, kuma daga ranar ba Gam.

Diep ta duba sama, ta duba shinkafa, ta yaba. Sannan idonta ya sauka a kan bahon. 'Yar mai dafa ƙaro ce fa. Ta tsuguna, ta tsoma yatsa mai jan farce, ta ɗaga shi ga rana.

"Yaya Khiem, baƙin ne ya ƙare a kasuwa?"

Khiem ya yi wuƙi-wuƙi, ya cire hula ya mayar. "Na ɗauko shi, ƙanwata. Na buɗe tukunyar ma. Hannun ne ya ƙi."

"Hannu ya ƙi." Ta juya. "Iya, kowa ya san ba kya ƙarya. Wannan duhun zai zauna?"

Thuc ta goge hannu a zani. Ta dubi Diep ido cikin ido.

"'Yata, ba zai zauna ba. Amma ba gaggawa yake yi ba. Kafin ya washe, mai hatimin ofishin nan ya yi ritaya yana kiwon tsuntsu a keji, ke kin fara rina furfura, ni kuma ina kabari ana kunna mini turare. Yau dai faɗuwar rana ce. Ɗauki hoton ki kai musu, ba ƙarya a ciki."

"In ya washe a falon wanda ya saya fa? Sunana ne a bayan allon."

"Sai ki ce ƙaro ne. A kama bishiyar."

Diep ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta tsaya gaban duhun, daidai inda ta san matan na zaune, ta daɗe har direbanta ya leƙo. Abin da ta auna a ranta, ita ta sani. Sai ta cire dogon takalminta ta ajiye a gefe, ta tattare rigar siliki, ta kama bahon da hannu biyu, ta ja shi zuwa bakin kwata ta tuntsurar. Ruwan shayin ya bi rariya ya tafi.

"Iya, bahonki ya yi datti," in ji ta. "Ki gama gogar. Za a zo da akwati."

Thuc ta bi allon da gashi, sannan ta sa tafin hannu. Saman ta gama shi da wuri. Ƙasan kuwa ta daɗe a kai, tana murzawa a hankali, tana magana ƙasa-ƙasa, har wurin ya ɗauki zafin hannunta. Khiem ya ce bai taɓa ganin duhu mai zurfi irin wannan ba, kana kallonsa kamar kana leƙa rijiya. Ta ce ya matsa ya ba ta haske, kwaɗo kawai. Amma da ta zuba shayi, shi ta fara miƙa wa.

Izini ya fito ba ko tambaya. Zanen ya tafi, wani attajiri ya saye shi, mun ji an ce falonsa a saman bene yake, yana kallon teku. Thuc ba ta sake ganinsa ba, ta kuma san ba za ta gani ba. Har yau tana tsakar gidanta tana goge furanni tana zagin masu su. Shi kuwa bawan Allahn nan yana can yana nuna wa baƙinsa faɗuwar rana, bai san da mata cike da falonsa ba, Gam a gaba, suna tasowa a hankali.