Yadda Na Kai Garin Barkono Zariya

Talata. Na bar Gwammaja ƙarfe huɗu da rabi, kafin kiran assalatu, da garin barkono mudu biyu a jaka. Ina da ɗakin dakan barkono kusa da kasuwar Kurmi. Maƙwabta sun kai ƙara wai ƙurarsa tana sa su tari, duba-gari kuwa ya ce zai rufe shi sai in Baturen lafiya na Zariya ya auna ƙurar ya ce ba laifi. Takarda ta zo: "Ranar Laraba za a auna ƙura a garinku." Wata bakwai ke nan ina zuwa ajin manya, don haka na karanta da kaina, ban nuna wa malami ba.

Na fita ta Ƙofar Mata a ƙasa zuwa tashar jirgin ƙasa. Tikiti sule huɗu. Jirgi ya tashi bakwai da kwata. A Madobi wata dattijuwa ta zauna kan jakata, tarago duka ya ɗauki atishawa.

"Malam, yaji ka kawo mana ba tsire?" in ji wani Bafulatani yana share hawaye.

Na ba kowa haƙuri har Zariya. Na kwana a zauren wani maɗinki a Tudun Wada, tuwo kwabo uku. Jakar a waje ta kwana.

Laraba. Ƙarfe takwas ina ofis. Akawu, Malam Garba, ya dubi takarda, ya dubi jaka.

"Baba, garinku fa. Kano. Bature tun jiya ya tafi can da na'ura."

Na nemi benci na zauna. Garin da ake zama da garin da ake dakawa, rubutunsu ɗaya, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Don kada in koma haka, ya shigar da ni wani ɗaki mai duhu, ya kunna fitila mai siririn haske, ya hura garin kaɗan. Manyan ƙwayoyi suka yi ƙyalli suka zube. Sai wani abu shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi ya tsaya cikin hasken, ya ƙi sauka. Ya ce da yadda haske ke watsuwa na'ura take gane girmansu, kuma waɗannan ƙananan su ke isa cikin ƙirji. Ya ƙarasa bayanin da tari.

Na samu motar gyaɗa ƙarfe biyu, sule biyar, a kan buhuna. Taya ta fashe sau biyu, muka kwana a hanya.

Alhamis. Na iso Kurmi da hantsi. Ƙanena Sani ya tare ni da murna: ya buɗe wa Bature ɗaki, an auna, iska fes, duba-gari ya sa hannu.

"Kun yi daka a gabansa?"

"Wa zai yi, Yaya? Ba ka nan."

Ɗaki dai ya tsira, alhamdu lillahi, na kuma gode wa Malam Garba da maɗinkin da ya sauke ni. Amma shekara ashirin ina shaƙar wannan shuɗin abu ban sani ba. Na aika a kira magini ya fasa mini taga ta bayan ɗaki, ɓangaren da ba maƙwabci.