Rufin Ɗakin Malama Rifkatu

Bana shekara tara ke nan da aka kai yayana Sale kafinta makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Ni ba marubuciyar jarida ba ce. Da ɗansa bai tsokano ni ba, da na yi masa addu'a a ɗakina na yi shiru kamar kowace shekara.

Duk wanda ya daɗe a unguwar Bagama ta Suleja, ko bai san Yaya Sale ba, ya kwana a ƙarƙashin kwanon da ya buga. Lokacin da ma'aikatan Abuja suka fara kwararowa Suleja neman ɗaki, kowa ya mai da bayan gidansa ɗakunan haya, shi kuwa Yaya kullum yana bisa tsani. A lokacin ne masu gidaje suka fito da wata dabara ta marasa kunya. In ɗan haya ya ƙi tashi, ba ruwansu da kotu. Sai su bari damina ta kankama, su kira kafinta ya yaye kwanon ɗakin, ruwan sama ya ƙarasa musu aikin.

Yaya bai taɓa yi ba. Ina zaune a shagonsa wani mai gidaje ya zo da wannan buƙata. Ko ɗaga kai bai yi daga katakon da yake gogewa ba, ya ce, "Alhaji, ni rufa wa mutane ɗaki na koya. Kotu tana nan inda ka san ta." Bayan mutumin ya fita yana ƙunƙuni, ya gaya wa masu koyon aiki a hannunsa cewa duk wanda ya cire kwano daga kan mai barci, kada ya ƙara ce masa oga.

Shi ma yana da ɗakunan haya huɗu a bayan gida. A na ƙarshen Malama Rifkatu take, malamar firamare da ta zo daga Filato da ƙuruciyarta, ta yi ritaya a nan, mijinta ya rasu a nan. Ita ta koya wa Nasiru, ɗan Yaya, riƙe fensir.

Wannan Nasirun ne ɗakunan suka faɗo wa a rabon gado. Yanzu yana aiki a Abuja, ya ajiye tumbi, yana yawo da makullin mota a yatsa ko masallaci zai shiga. Wani ejan, dillalin gidaje, ya hure masa kunne cewa in ya rushe ɗakunan ya yi na zamani, sai ya zaɓi wanda zai ba. Mutum uku suka kwashe kayansu. Malama, da take biyan hayar shekara, ya ba ta notis na sati biyu. Ta kai ƙara, alƙali ya ce kowa ya tsaya inda yake sai an yanke hukunci.

Na kira shi na yi masa magana. Ya ce, "Goggo, ba za ki gane ba. Wannan bizines ne, ba gidan marayu na buɗe ba. Kotun nan sai su ja ni shekara."

Na ce, "To ka jira shekarar mana. Ita shekara nawa ta jira ka ka iya rubuta sunanka?"

Ashe ya riga ya zagaya kafintocin unguwa neman mai yaye kwanon ɗakin Malama. Babu wanda ya yarda. Sai da ya je can wani gari ya ɗauko baƙi, suka yaye kwanon ranar Lahadi tsohuwa tana coci. Ranar Lahadi fa! Ko ƙarfin halin kallon idonta ba shi da shi. Ta dawo ta tarar da katifarta da littattafanta suna kallon hadari.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin ba zai ce komai ba, kunya za ta hana shi. Ni ce mai baki, kuma na faɗa: ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina ɗan ɗan'uwana ranar nan ba.

Washegari da hantsi sai ga Oga Ɗanjuma, wanda ya koyi aiki wurin Yaya, yanzu har ya yi furfura, da wasu tsofaffin abokan koyonsa su uku. Ba ni na kira su ba. Suka jingina tsani, suka tattara kwanon da aka jibge a tsakar gida suka fara mayarwa. Nasiru ya iso yana kumfar baki, wai zai kira lauyansa. Ɗanjuma ya leƙo daga sama da ƙusa a baki, ya ce, "Kira shi. Ka gaya masa alƙali ya ce kowa ya tsaya inda yake, shi ma kwanon mun mai da shi inda yake."

Shari'a tana nan ba a gama ba. Mai yiwuwa a ƙarshe Malama ta tashi, gida nasa ne, ban musa ba. Amma in za ta fita, da takardar kotu za ta fita, kayanta a bushe. Yaya ya bar fili, ya bar suna, duk Nasiru ya kwashe. Halin ne bai samu ba, wannan 'ya'yan wasu suka gada.

Ana buga ƙusar ƙarshe ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Nasiru ya duba motarsa ya ga ta yi nisa, ya ruga ya raɓe a ƙarƙashin kwanon da ya sa aka cire. Malama Rifkatu ta leƙo, ta miƙo masa kujera.