Kiɗan Rumbun Attahiru

A shekarun farko na mulkin kai, in agogonka ya tsaya a Tambuwal, ko rediyonka ya kama tari, ba sai ka tambayi kowa ba, wurin Attahiru za ka. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kusa da masu sayar da kananzir. Dogo ne siriri mai kunnuwa fato-fato, mutanen garin kuwa sun ce ba a banza Allah ya ba shi su ba. Kana tsaka da yi masa bayanin ciwon agogonka sai ya ɗaga maka hannu ka yi shiru, wai jaki ya yi kuka a bayan gari kuma kukan ya yi daɗi.

Haifaffen Kebbe ne, ɗan fari a wurin uwarsa Dada. Ana yaye shi aka kawo shi Tambuwal gidan kawunsa, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Dada kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani, sunansa kuwa ko da wasa. "Mutumin Tambuwal" take ce masa. Har kalmar attajiri ta daina faɗi don ta yi kusa da Attahiru, sai ta ce mai hali. Kowa na yaba mata, shi ma yana yabawa, don ya san ba ƙi ba ne. Amma ga shi da shekara talatin da takwas, mutumin da ya san kukan kowane jaki a garin, bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin wadda ta haife shi ba. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, bai kuwa taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa Lauratu.

Rakoda ta shigo hannunsa ne shekara guda bayan mulkin kai. Wani Bature mai awon hanya yana haɗa kaya zai koma gida, ya kawo masa agogo gyara. Da ya ga aikin ya yi kyau sai ya bar masa wani akwati da ya mutu, ya ce ko ƙusoshin ciki sa yi masa amfani. Kwana tara Attahiru yana fama da akwatin nan. Ran na goma faifai biyun da ke kansa suka juya, wani siririn zare mai faɗi kamar tsagin kaba ya bi ta tsakaninsu. Ya yi tari a bakin makirfo, akwati ya mayar masa da tarinsa. To, daga ranar Tambuwal ba ta sake hutawa ba.

Wani da ya samu irin wannan abu, makaɗan fada zai bi, ko masu kalangu. Attahiru maƙeri ya bi. Ya ɗauki ƙarar guduma a kan uwar maƙera, ya ɗauki faɗuwar guga cikin rijiya, da surutun zabi, da keken ɗinkin tela, da luguden da Lauratu ke yi da maƙwabtanta in suna surfe. Sai ya dawo gida ya sa reza ya yanyanka zaren, ya liƙa wannan da wancan da ƙaro da 'yar takarda. Ya gano in ya rage wa faifan gudu, zakara yakan koma bajimi. Ya kuma gano in ya toshe ɗan ƙarfen da ke share tsohuwar murya, sabuwa takan hau kan tsohuwa su tafi tare.

Matsalarsa ɗaya, gidan ba ya shiru. In ba akuya ba, mai tallan fura. Sai ya kwashe ragowar dawar da ke cikin tsohon rumbun ƙasa na bayan ɗaki, ya lulluɓe cikinsa da buhuna da tsofaffin tabarmi, ya kafa tsani. Kullum ya taso daga kasuwa da la'asar sai a ga magidanci guda ya tattare riga, ya hau tsani da akwati a ka, ya zurma cikin rumbu.

Amininsa Ɗangiwa, direban babbar mota, wanda ke cika masa batir, ya leƙa wata rana ta bakin rumbun.

"Attahiru, mi kaka yi nan ciki awa ɓera?"

"Kiɗi nika haɗawa."

"Kiɗi? Ina ganga?"

"Babu ganga."

"Ina mawaƙi?"

"Babu."

"To wa aka wasawa?"

"Ba kowa."

Ɗangiwa ya daɗe yana kallonsa. "Babu ganga, babu mawaƙi, babu wanda aka wasawa. Allah shi ba ka lafiya, abokina." Amma washegari ya kawo batir a cike. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Shekara uku ana wannan. Da Lauratu ta samu ciki, Attahiru ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ranar suna kowa zai ji abin da ake yi cikin rumbu. Kiɗin ya kusa haɗuwa, sai dai duk abin da ke cikinsa sama-sama yake, ƙarfe da zabi da taɓarya. Yana neman wani abu mai nauyi da sauran za su zauna a kansa. Injin niƙa ya riga ya zo kasuwar Tambuwal, duwatsun niƙan da suka rage a gidaje kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk muryarsu siririya ce. Dutse guda ya sani mai irin muryar da yake so, na Dada, wanda ta gada wurin uwar mijinta, cikinsa ya lotsa don tsufa.

Ranar kasuwar Kebbe ya bi motar Ɗangiwa, akwati a kan cinya kamar jariri. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe da Dada. Ta amsa tana kallon bango, sa'annan ta ce wa ƙanwarsa Zahara'u, wadda ke aure nan maƙwabta, "A ba mutumin Tambuwal ruwa."

Ya sha ruwa, ya ce wa Zahara'u, "Kukan dutse niz zo ɗauka." Ya kife ƙwarya kusa da dutsen niƙa, ya ɗora makirfo a kai, ya danna maɓalli, ya fice zaure, don ya san Dada ba za ta durƙusa niƙa yana tsaye a kanta ba. Da ya ƙiyasta zare ya ƙare ya dawo ya kwashe kayansa.

Sai washegari da hantsi ya samu shiga rumbu ya kunna. Abin da ya fara fitowa ba dutse ba ne, muryar Dada ce.

"Zahara'u, wagga aba tana jin magana?"

"A'a Dada, kukan dutse kaɗai taka ɗauka. Shi yac ce."

"To madalla. Tafi ki duba tukunya."

Attahiru ya yi dariya har da buga cinya. Aka ji tafiyar Zahara'u ta yi nisa. Dutse ya fara, gurr, gurr, daidai muryar da ya je nema. Can sai Dada ta ɗauki waƙa a hankali, irin wadda mata ke yi in suna niƙa su kaɗai.

"Niƙa nika yi, dutse ba shi da baki,
Abin da nib ɓoye ma mutane, dutse shi ji.
Attahiru, Attahiru na fari,
Goyon da nig goya ban juya nid duba ba.
Attahiru, ka ci ka ƙoshi can inda kake,
Bakina ad da kunya, cikina babu."

Dariyar ta yanke. Ashe haka take faɗinsa, tana jan ƙarshen kamar mai kiran yaro ya dawo daga wasa. Ya mayar da zaren baya ya sake ji, ya sake, har batir ya yi sanyi muryar ta fara ja da ƙyar. Ya zauna cikin rumbu ya yi kuka sosai, kukan daɗi, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Da aka cika batir ya sauko da akwatin ɗakin Lauratu ya kunna mata. Ita ma ta share hawaye da bakin zane, sa'annan ta dube shi.

"Malam, ka dai san ba ka sa wanga gaban mutane."

"Shi na zuciyar kiɗin, Lauratu. In nic cire shi, tuwo na babu miya."

"Ranar suna matan Kebbe duka suna nan. In sunka ji Dada ta kama sunan ɗan fari har sau uku, ko rijiya ba ta ƙara zuwa. Shekara talatin da takwas tana riƙon abinta, kai ka kwance mata zane cikin taro?"

Gaskiya ta faɗa, ya kuwa sani. Ya koma rumbu rai a jagule, ya sa reza ya yanke waƙar daga jikin zaren, ya naɗe ta ya sa a gwangwanin ƙusoshi. Ya kunna abin da ya rage. Ga maƙera, ga zabi, ga lugude, ga dutse, komai na nan, amma a kunnensa kamar gidan da aka yi wa shara masu gidan suka yi tafiya.

Lauratu ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. Ana jibi suna Attahiru ya kasa daurewa, ya ce bari ya liƙa waƙar ya ji ta sau ɗaya shi kaɗai. Garin sauri ya liƙa ta kai a ƙasa, ƙarshe ya koma farko. Da ya kunna sai wata murya ta taso daga cikin kukan dutse, tana shaƙar kalmomi maimakon furta su, daɗinta na nan, tausayinta na nan, amma ba ka tsintar ko kalma guda. Inda sunansa yake, abin da ke fita shi ne, "Urihatta, Urihatta." Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga hannu ya yi wa Allah godiya, ya bar ta yadda take.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Maimuna. Bayan la'asar aka kife turmi a bakin zaure, maza daga waje, mata daga ciki, aka ɗora akwati. Guga ta faɗa rijiya, guduma ta amsa mata, zabi suka shigo. Maƙeri ya miƙe tsaye yana cewa, "Wallahi hannuna na!" Da lugude ya shigo mata suka kaure da shewa, kowace na nuna taɓaryarta. Tela ya ce ba a ba kekensa lokaci isasshe ba. Sa'annan dutse ya taso daga ƙasa, muryar nan ta hau kansa, wuri ya yi tsit. Wata tsohuwa ta yi a'uziyya.

"Wanga yaren Indiya na?" in ji Ɗangiwa.

"Hausa ta," in ji Attahiru. "Juya ta niy yi baibai, awa riga."

"To mi taka cewa?"

"Abin da kaj ji."

Aka yi dariya, aka ce a sake, aka sake har sau uku. Shi dai Attahiru idonsa na kan tabarmar da Dada ke zaune. Tana cikin ɓare goro hannunta ya tsaya. Mace ba ta kasa gane kukan dutsenta, balle muryarta. Ya ga leɓenta na motsi a hankali, tana juya kalmar a bakinta. Ba ta ɗago ba har aka watse. Ya tabbata ya ɓata abin da ba ya gyaruwa da ƙaro.

Da safe ya ɗauki ƙunshin kayanta ya raka ta ita da Zahara'u bakin motar Ɗangiwa. Dada ta shiga gaba, Zahara'u ta zauna gefenta. Ya durƙusa a ƙasa ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Dada." Ya jira ya ji an ce a gaya wa mutumin Tambuwal kaza, ko ma a ƙi cewa komai.

Dada ta gyara lulluɓi tana kallon hanya. "Zahara'u," ta ce, "gobe in anka ce miki abu ba shi jin magana, ki ƙara tambaya." Sa'annan, ba ta bakin kowa ba, da murya sarai yadda duk tasha za ta ji, ta ce, "Allah shi yi maka albarka, Urihatta."

Ɗangiwa ya fashe da dariya har ya kifa kai a kan sitiyari, a zatonsa tsohuwa ta yi wa mai rumbu shaguɓe. Kafin sati ya zagayo ya baza sunan daga Jabo har Dogon Daji, sunan ya bi Attahiru har ƙarshen ransa, yara ma Malam Urihatta suka san shi.

Dada ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. A cikinsu ba ta sake cewa mutumin Tambuwal ba. Daga tsakar gida take ƙwala masa kira da Urihatta, a gaban surukai, a gaban kowa, tana jan ƙarshen yadda take ja a waƙa, kuma babu mai iya cewa ta kama sunan ɗan fari. Shi kuwa, duk abin da ke hannunsa, yakan amsa tun ba ta rufe baki ba.