Kaka da Tambayar Mai Mabuɗi

A majami'armu ta Katolika da ke Dogon Dutsi ba mu da yawa, amma Allah ya hore mana komite. Akwai na waƙa, akwai na shara, akwai na tarbar baƙin da ba su cika zuwa ba. Wanda ya fi su duka ƙarfi shi ne komiten katesis, wato karatun addinin da ake yi wa mai neman baftisma. Sai sun ce ka iya, sannan a zuba maka ruwa ranar Paki, idin tashin Almasihu. A hannun waɗannan bayin Allah kakata ta wajen uba ta faɗa, tana tsohuwa tukuf, haƙoranta na gaba sun riga ta yin ritaya.

Mutuniyar ƙauyen Lugu ce. Cikin bori ta tashi, ta san iskoki gida-gida yadda na san maƙwabtanmu. 'Ya'yanta biyu suka rayu. Babana shi ne ɗan fari. Tun yana yaro aka kai shi lakwal, wato makarantar boko ta mishan, aka yi masa baftisma, aka ba shi sunan wani manzo, sunan ya bi shi har na yanka ya ɓace. Kafinta ne, duk bencin da muke zama a kai ranar Lahadi shi ya buga. Na biyun shi ne baffana, autanta, mai shagon atamfa a kasuwa, wanda ya bi matasan nan masu wa'azi, ya ɗage wando ya saki gemu. Da mijinta ya rasu ta dawo gari, gidan auta ta sauka. Ba don ta fi son sa ba. Uwa ba ta sakewa da ɗan fari a wurinmu: ba ta zama kusa da shi, ba ta kallon idonsa, ba ta kama sunansa. In za ta ambaci babana sai ta ce “mutumin can”, ko da yana tsaye a gabanta riƙe da ƙullin goron da ya kawo mata.

Ba wanda ya yi mata wa'azi. Ranar da aka binne mahaifiyata a maƙabartar Kirista, can bayan gari, Kaka ta ga babana ya nuna filin da ke gefen kabarin ya ce wa mutane nan zai kwanta in lokacinsa ya yi. A hanyar dawowa ta ja hannuna.

“Ke, wa aka bari shi kwanta wurin ga?”

Na ce sai wanda aka yi wa baftisma.

“To a yi min. Bisa ƙasa ban zamna kusa da mutumin can ba. Ƙarƙashinta babu kunya.”

Baffana da ya ji labari bai yi faɗa ba, ya dai yi tallar nasa. Ya ce mata a wajensu kalma ce guda, ka faɗa, shi ke nan, ba aji, ba jarrabawa. Ya kuma faɗa mini ƙarara cewa muddin ta cika a gidansa ba a yi mata wannan wankan namu ba, shi zai yi mata sutura ya kai ta inda ake kai Musulmi, ƙetaren gari. Ban ga laifinsa ba, uwarsa ce. Na san doka ta yarda kowane Kirista ya zuba wa mai gargarar mutuwa ruwa, amma wanda zai kasance a kanta ranar ba ni ba ce, baffa ne. Ita ma ta ce ba ta son baftismar sata, da ƙafarta za ta shiga, cikin farin zane.

Haka ta fara zuwa aji duk Asabar da la'asar, a inuwar bedi, itacen darbejiyar nan da ke harabar majami'a. Abokan karatunta yara ne da matan ma'aikatan da aka turo aiki garinmu. Ba ta san baƙi ba, amma kunnenta ba ya zubar da abu. Addu'o'in da ni na haddace da taimakon bulala, ita ta kwashe su tana ɓarar gyaɗa. Gardama kuwa ba a magana. Da aka ce kowane mutum yana da mala'ika mai tsaronsa, sai ta ce ai wannan tsohon labari ne a Lugu, ta tambaya ko shi ma yana son farar kaza.

Shugaban komiten wani tsohon direktan lakwal ne, mutumin ƙasashen bakin teku da aiki ya kawo shi ya zauna. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, har jikokinsa. Mutumin kirki ne, kada a ce na ce. Ya koyar da rabin garin nan karatu, bai taɓa makara ba, bai taɓa yin kuskure ba, in ma ya yi ba a sanar da shi ba. Ya yi imani da Allah, ya yi imani da jan biro, ban san wanne ya riga shiga zuciyarsa ba. Hausarsa ta cefane ce, yana cike gurbin da Faransanci.

Cikin azumin da ke gaban Paki ake jarrabawa, lokacin da zafi ke sa mutum ya tuba ko ba a roƙe shi ba. Aka fito da tebur, 'yan komite suka jeru, mu dangi muna baya. Kaka ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Dokoki goma, ta zubo su. Addu'ar Ubangiji, ta zubo. Mushe yana ta gyaɗa kai. Sai ya zo kan tambayar da ko yaron goye a majami'armu ya san amsarta.

“Bon, Mama. Wane manzo Almasihu ya ba mabuɗan Mulki?”

Sunan manzon nan kuwa shi ne sunan babana. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba.

Kaka ta dubi ƙasa. “Mai kamun kihin nan.”

“Sunansa, Mama.”

“Wanda zakara ya yi ma cara ya tahi shina kuka.”

“Sunansa.”

“Wanda ya sare kunnen bawan mutane. Wanda ya taka ruwa ya nutse. Kai ɗan nan, ka san shi, na san shi, mi kaka nema?”

Mushe ya cire murfin jan biro. Matar da ta ba da tarihin manzo tun daga jirgin ruwa har kabari ta faɗi jarrabawa saboda ba ta san shi ba. Aka ce ta maimaita aji.

Washegari na sami Mushe na yi masa bayanin al'adar, a zatona rashin sani ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya gode, sannan ya ce ai yanzu ne ma ya ga girman matsalar. Wai da mantuwa ce da ya yafe. Amma wadda ke tsoron kama sunan shugaban manzanni saboda al'adar arna, ƙafarta guda tana Lugu, kuma ba a yi wa ƙafa guda baftisma. Daga ranar ya ɗauko tambayar daga tsakiyar littafi ya mai da ita ta farko. Bayanina ya yi amfani ƙwarai: shekarar da ta biyo, Kaka ba ta ɓata lokaci ba, ta faɗi tun kafin ta gama gyara zama.

'Yan komiten da aka haifa a nan Arewa, waɗanda uwayensu ba su taɓa kama sunansu ba, suna zaune suna kallon takalmansu. Mushe ne ya koya musu a, ba, ca, wa zai ɗaga masa murya? Firist ɗinmu, limamin majami'ar da muke ce wa Mompe, kullum yana kan babur tsakanin Matankari da Gesheme da ƙauyukan da ke bayansu. Na tare shi yana ɗaure hular kwano, ya ce abin ya taɓa zuciyarsa, zai duba, amma ba ya son ya tsallake komite. Ya tada babur. Ina jin har yanzu yana dubawa.

Babana da kansa ya je wurin Mushe, ya cire hula, ya ce shi ya yafe, a bar tsohuwa. Mushe ya ce abu mai sauƙi, ya je ya ce wa uwarsa ta kira shi sau ɗaya a huta. Na raka shi gidan baffa don in ga yadda za a yi wannan abu mai sauƙi. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta yana kallon akuya. Ita tana ciki ta ba shi baya tana kallon bango.

“Ki ce ma tsohuwa,” in ji shi, da ni yake, “suna ba komi ba na. Ta hwaɗi.”

“Ki ce ma mutumin can,” in ji ta, “da shi da sunan duka ni na san zahinsu. Shi tashi shi tahi wurin katakonai.”

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ni ce waya.

Da ya tafi na zauna ina yi mata tsiya, irin ta jika da kaka. Na ce duk yaran da ta fara aji da su sun yi baftisma, wasu har sun fara gemu, ita tana nan tana gadin bedi. Na ce sunan nan ma ba ita ta raɗa ba, na Turawa ne, ina ruwan kunya da shi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce iska ba ta tambayar wa ya raɗa suna, tana dai sauraron bakin uwa ne ta gane wanda aka fi so. Ta ce bayan babana ta haifi waɗansu, ba kunya a kansu, ta riƙa kiransu da safe da maraice, daga bakin rijiya, daga gona, duk Lugu na ji. Babu wanda ya kai kaciya. Auta ma da “auta” ya tsira.

“Wanda ban kira ba, ga shi nan da hurhura,” ta ce. “Yanzu don Mushe shi ji daɗi in buɗe baki?”

Na ce ai a katesis an koya mata iskoki ba su da iko a kan ɗan Allah. Ta ce ta yarda, ta haddace ma, amma ba da ɗanta za a gwada ba. Ban sake yi mata tsiyar ba. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin kowa, har da ni da nake da amsa a kan komai.

Shekaru suka yi ta tafiya haka. Idonta ya fara hazo, sai na riƙa jan ta zuwa aji. Duk tarin da ta yi, baffa ya dube ni in dube shi. Kowa ya san abin da muke lissafawa, ba mai faɗa.

Sai lissafin ya zo ta inda ba mu zata ba. Bayan an gama yankan hatsi babana ya kwanta, ciwon ciki, kafin mu gama shawarar kai shi babban asibiti ya cika. Aka sa shi a filin da ya nuna. Kaka ba ta je ba, ba ta yi kuka a gaban mutane ba, uwar ɗan fari ba ta yi. Masu gaisuwa suka same ta tana tsince wake. Ta tsince ƙwaryar nan ta sake tsincewa har ba sauran abin cirewa.

Da azumi ya zagayo na ce ta huta bana. Ta ce in ɗauko mata sandarta.

Tebur yana inda yake, 'yan komite sun jeru a bencin da babana ya buga. Mushe ya tsufa shi ma, kuma a bana jinƙai ya sauko masa, a kan kari kamar kullum. Ya buɗe littafi, ya yi gyaran murya, ya tsallake tambayar farko ya fara da dokoki goma. Ta amsa. Ya bi sauran, ta amsa. Ya ɗauki baƙin biro, ba ja ba, zai rubuta.

“Ka tsallake guda,” in ji Kaka.

“Ba komai, Mama, sa sufi, ya isa.”

“Shekara nawa kana tambaya ta. Tambaye ni.”

Mushe ya dubi 'yan komite, suka dubi takalmansu. Ya yi tambayar can ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara.

Kaka ta dafa sanda ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi a jarrabawa ba. Ba tebur ta fuskanta ba, ta juya wajen bayan gari. Sannan ta faɗi sunan. Ba yadda ake ba da amsa ba. Ta ja shi da ƙarfi, da tsawo, yadda mace ke kiran yaro daga gona in tuwo ya sauka. Muryar ta fashe a tsakiya, ta sake kira. Tunda nake ban taɓa jin sunan babana ya yi daɗi haka ba, ban kuma taɓa jin abin da ya yanke ni kamarsa ba.

Mushe, da bai san inda zai sa hannuwansa ba, ya ce, “Wala. Daidai ne, Mama. Kin ci.”

“Yi shiru, ɗan nan,” ta ce. “Ba da kai nike ba.”

Ta karkata kunne wajen maƙabarta, ta ɗan jira. Sannan ta miƙo mini hannu muka tafi gida.

An yi mata baftisma a Pakin nan, cikin farin zanen da baffa ya yanko daga shagonsa ya aiko ba tare da ya ce komai ba. Damina biyu bayan haka muka kwantar da ita a gefen mutumin can. Tsakaninsu bai kai faɗin tabarma ba.