Gidan da Aka Nuna wa Baƙi

Masu binciken gwamnati sun shigo lungunmu na unguwar Maamobi ana tsakiyar damina. Mace ce da namiji, sun zo tambayar yadda mutane ke samun ruwa da bayan gida. Ba kowane gida za su shiga ba. Tun daga ofis aka zaɓo musu 'yan gidaje, kowanne ya tsaya a madadin maƙwabtansa masu yawa. Ɗaya daga ciki gidanmu na gado ne, inda yayata ke zaune, a bakin babbar kwata. Ba famfo, ba bayan gida. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kullum sai ta taka katakon da aka gitta a kan kwatar kafin ta kai bayan gida na kuɗi.

Ina gidan a ranar, mai unguwa ya tare su a ƙofa. Ya leƙa tsakar gida, ya dube ni.

"Alhaji, nan za mu shigar da baƙi? Ko kujera babu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rashin kujerar suka zo gani."

"Yawon duniya ya mantar da kai mutunci. So kake a ce mu 'yan Zango ƙazamai ne?"

Ya ja su gidan wani ɗan kasuwa a bakin titi, mai tayil da tankin ruwa a sama. Aka kawo musu lemo mai sanyi. Na bi su ina bayani cewa ba wannan gidan aka zaɓa ba, na yi da Turanci, na koma yaren Twi. Namijin ya ce, "Baba, gida ai gida ne," ya ci gaba da latsa na'urarsa.

A Abidjan na ga mai irin wannan aiki ta yi ta sintiri a gidan da aka ba ta har ta samu mutanen ciki, ba wanda ya isa ya canza mata. Mu kuwa an saye namu da inuwa da lemo, mu da kanmu muka saya.

Da aka tashi gina bayan gida a unguwanni, aka tsallake mu. Na je ofis. Wani jami'i ya ce unguwarmu ƙarama ce, gidajen da aka tambaya kaɗan ne, don haka aka haɗa amsarsu da ta unguwanni masu kama da mu, aka yi ƙiyasi.

Na ce, "Masu kama da wa? Da ɗan kasuwa?"

"Abin da kuka nuna mana ke nan, Baba."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Damina ta zagayo, katako ya ruɓe. Yayata ta ce ba za ta mutu a kwata ba. Gidan da aka binne cibiyarta ta bari, ta koma wurin 'yarta a unguwar Madina. Ranar da muke loda kayanta, mai unguwa ya zo sallama. Ya daɗe a tsaye a tsakar gida yana dafe da sandarsa. Ban aika a aro masa kujera ba.