Dardumar da Na Shimfiɗa a Gangaren Nakkasa

Ranar Alhamis ce. Ƙarfe bakwai na safe ina tsugune gaban kaskon Yaya Hansatu, a gindin gangaren layinmu na Nakkasa, ina cin ƙosai. Tana yi mini tsiya, wai hannuna ya fi na masu saye sauri. Ita ta raine ni. Ita ta kawo ni Makka.

Kwana uku kafin nan aka yi ruwa da ƙanƙara. Ƙanƙarar ta narke, ta bar laka da tsakuwa a kan hanya, santsi kamar miyar kuɓewa. Manyan tituna tun washegari aka share su. Layinmu ko leƙowa ba a yi ba, mu ma ba mu kira ba. Wa zai kira? Rabinmu ba mu da igama, takardar zama.

Sai ni, uban iyayi, na ɗauko tsofaffin dardumai da na tsinto a tantunan Mina bayan aikin Hajji, na shimfiɗa su kan lakar don taya ta sami abin kamawa. Har sa mini albarka aka yi.

Bakwai da rabi tankar ruwa ta kunno kai daga sama, cike maƙil. Na ji kukan birki. Da idona na ga tayoyin sun tsaya cak, amma motar ba ta tsaya ba. Dardumar ce ke tafiya da ita.

"Ku kauce!" direban ya ƙwala ihu.

Ta daki katanga, bulo ya tarwatse. Ta murƙushe wata tasi. Ta juyo da gindi ta share kaskon, mai ya yi sama. Ni ta wurga ni cikin kwata. Da na miƙe, ba abin da nake ji sai ruwa yana kwarara. Yaya na yashe jikin bango, ƙafarta ta dama ta juya baya, jini yana bin ruwan.

Sana'ata tura alhazai a keken guragu, kekena na nan kusa. Na ɗaure ƙafar da gyalenta, na ɗora ta. Takwas saura kwata muka ji jiniya daga ƙasa. Layi ya watse, ƙofofi suna rufuwa garam garam. Ta damƙe wuyan hannuna.

"Kada ka bari su ɗauke ni. 'Ya'yana."

Na san nufinta: asibiti, tambayar takarda, jirgi zuwa gida, 'yan mata uku a bari a nan. Wallahi ko tunani ban yi ba. Na juya keken, na ba jiniyar baya.

Lungu lungu na bi, ina zamewa ina tashi. Takalmina ɗaya ya fita, ban koma ba. Ina gudu ina ce mata saura kaɗan. Ƙarfe tara muka isa unguwar Hindawiyya, gidan wani ɗan garinmu mai yin allura. Ya taɓa wuyanta, ya ce tun a hanya ta cika. Ni kuwa ina ta yi mata magana.

Daga baya na ji motar asibitin ta ɗauki direban da wasu biyu da suka ji rauni. Ba wanda aka tambaya takarda kafin a tsayar masa da jini. Dukansu suna raye.

Ranar Asabar aka zo da katafila aka kankare layin. Ina tsaye. Bai ɗauke su minti ashirin ba.

'Ya'yanta uku yanzu suna ɗakina. Sun san wa ya shimfiɗa darduma. Ba su san wa ya juya keke ba.