Tormod da Masaƙar Yayarsa

Tormod MacAskill ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaure igiyar jirgin fito a tsibirin Skye na ƙasar Scotland. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Kilt, zanen ulun nan mai ninki-ninki da mazansu ke ɗaurawa a ƙugu ranar biki, bai taɓa sa shi ba. Yakan ce kayan mabusa ne da baƙi masu ɗaukar hoto. Ranar aurensa ma da kwat ya je coci.

Da ya bar aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya koma gidan iyayensu wurin yayarsa Dolina. Ita masaƙiya ce tun tana budurwa, masaƙarta na cikin ɗakin da a da ake ɗaure saniya. A lokacin sanyin ƙashi ya riga ya kama mata yatsu, ko kofin shayi da hannu biyu take riƙewa. Akwai yadin da ta fara wa wani mutumin Kanada, kore da shuɗi da siririn layin ja, yana nan a kan masaƙa ƙura na hawa.

Wata safiya suna karyawa ta ce, "Kai, maimakon zaman ƙirga motoci ta taga, je ka ƙarasa mini aikin can."

"Haba Yaya, ni da igiya na saba."

"To zare mene ne? Ba ƙaramar igiya ba ce? Tashi."

Ya tashi. Ta sa aka kai mata kujera bakin ƙofa, ta zauna da bargo a cinya tana ba da umarni. Jifansa na farko ƙoshiyar saƙa ta wuce zaren gaba ɗaya ta bugi bango, karen gidan ya fita da gudu. Daga baya ya iya jifan, amma ya kasa daina ja da ƙarfi, sai gefen yadin ya riƙa tsukewa.

"Sassauta mana! Jirgi kake ɗaurewa?"

"Na sassauta ai."

"In wannan ne sassaucinka, Allah ya ji ƙan marigayiya matarka, ta yi haƙuri."

Haka suka cinye lokacin sanyin nan. Da aka sauke yadin, Dolina ta ɗaga shi a hasken taga. Wasu gidajen zanen sun yi tsawo, wasu sun daƙushe, jan layin kuma ya ɓace a wuri guda inda ya manta ya canja kwarkwaron zare. Ta ce ba za ta aika wa kowa wannan da sunanta ba, a shimfiɗa wa kare. Mutumin Kanada aka ba shi haƙuri.

Tormod ya ɗauki yadin. Ya naɗe kayansa ya hau bas zuwa garin Portree, wurin wata tela mai suna Effie, ya ce kilt yake so a ɗinka da yadin. Ta warware yadin a kan tebur, ta daɗe tana kallo.

"Wane maƙiyinka ne ya sayar maka da wannan?"

"Ni na saƙa."

"Ayya. Ninkin ba zai hau layi ba fa, baya zai karkace. Wa zai sa?"

"Ni."

Ranar bikin 'yar Morag, maƙwabciyarsu, ya fara ɗaura kilt ɗin. Da ya fito daga ɗaki, Dolina ta dube shi sama da ƙasa, ta ce su tafi kada su makara. Sai da ya shiga zauren biki ya gaisa da rabin mutanen ƙauyen, sannan Morag ta ja shi gefe.

"Tormod, ninkin a baya yake zama. Ka juya shi ne don ka riƙa ganin aikinka?"

Ya zagaya bayan wata mota ya gyara. A hanyar gida ya tambayi Dolina me ya sa ba ta gaya masa ba. Ta ce watanni ta yi tana gaya masa abu ba ya ji, ta ga gara wani ma ya gwada.

Bai ajiye kilt ɗin ba. Ya koyi yadda ake share ninkin da hannu kafin a zauna, da yadda ake tsayawa in iska ta taso daga teku. Ya ce ya fi sakewa a cikinsa in yana taka masaƙa. Da shi yake zuwa kanti, da shi yake zuwa kasuwar tumaki.

Dolina ta koya masa wadari, wato jera zare don ɗorawa a masaƙa, kafin ta kwanta ciwo, ta rasu a shekara ta uku. Saƙarsa ta miƙe daga baya, amma ba ta taɓa kai tata ba, shi ma ya sani. Mutanen ƙauyen kan sayi bargunansa su shimfiɗa a kujerar mota.

Yanzu ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, kala biyu kawai yake haɗawa. Morag kan shigo ranar Asabar ta zura masa zare, su yi ta musu a kan wanne ne kore, wanne ne shuɗi. Yakan yi saƙa har tsakar rana, sannan ya rufe ɗakin ya je ya ɗora dankali.